Ƙwayar Ƙudan Zuma Ba Zuma Ba Ce: Laccar Wani Mai Harhaɗa Magunguna A Birnin Kebbi

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamaina, 'yan uwa mata da ke can baya, kuna ji na? To madalla.

Abu uku na zo da shi: mene ne wannan ƙwaya, yadda ake haɗa ta, sai abin da za a yi idan zuma ta harbi mutum.

Sunanta Apis mellifica. 'Yan ƙananan ƙwayoyi ne farare masu zaƙi, ana tallarsu a Facebook, wai suna maganin kumburi, borin jini, harbin ƙwari, har da saurin fushi da kishi. (Dariya) E, kishi, Hajiya, za mu zo wurin. Mutane na jin "zuma" sai zuciya ta tafi Suratun Nahli, inda Allah Ya ce akwai waraka ga mutane a cikin abin da ke fitowa daga cikinta. To wannan ba zumar da ake ɗebowa daga amya ba ce. Ƙudan ne kansa ake niƙawa, har da dafinsa, a jiƙa.

Tsarin ana kiransa homiyofati. Wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, ya fito da shi a 1796. Ra'ayinsa shi ne abin da ke jawo cuta shi ke warkar da irinta. Tunda harbin zuma na kawo kumburi mai zafi da ja, sai suka ce ƙudan zai warkar da kowane kumburi mai kama da haka.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku, nan ne zancen yake. Ku duba kwalbar, za ku ga an rubuta 30C. Me ake nufi? A ɗauki ɗigo ɗaya na jiƙon, a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa, a girgiza. Sau ɗaya ke nan. Daga wannan a sake ɗaukar ɗigo ɗaya, a zuba cikin wani 99, a girgiza. Haka, haka, har sau 30. Mata, ku kuka san kunu. Ki ɗebi ludayi ɗaya ki zuba a randa, ki ɗebi ludayi daga randar ki zuba a wata randar. Randa ta uku ma wa zai kira ta kunu? To mu randa talatin ake magana! Masana sinadarai sun lissafa, da an wuce tsarma ta 12, da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta ƙudan a ciki. Na sake faɗi, ta 12. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a gulbin Argungu, ka je Yawuri ka kamfaci ruwa, wallahi ya fi 30C kauri nesa ba kusa ba. Kai, ko a tekunan duniya kaf ka ɗiga shi, ya fi. Su kuma masu homiyofati cewa suke yi yawan tsarmawa ke ƙara masa ƙarfi, wai ruwa na tuna abin da ya taɓa shi. Malam, mai nono ta tsarma maka ta ce ya ƙara kauri, ka yarda? (Dariya) Abin da ka saya sukari ne da aka ɗiga wa wannan ruwa.

Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta bi nazarce-nazarcen, a 2015 ta ce babu cutar da aka samu ingantacciyar hujja homiyofati na warkarwa. Faransa ta daina biya wa 'yan ƙasarta kuɗinsa a 2021.

Na biyu... a'a, na uku muke. Harbi. Cire ƙarin da sauri, ko da farce, wanke wurin, ɗora ƙanƙara. Amma idan leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi na sarƙewa, mutum na jin jiri, a ruga asibiti, allurar adiranalin ce ke ceton rai, kuma mintuna ake ƙirgawa. Zumar gaske kuwa tana sauƙaƙa tari, sai dai kar a ba jaririn da bai shekara ba.

Batun kishi da fushi, na ce zan... Na'am, Baba? A miƙa masa abin magana.

(Wani dattijo ya ce surukarsa na da ciki wata bakwai, ƙafafu da fuska sun kumbura, an kawo mata irin ƙwayar.)

Baba, fuska ma? Tana ciwon kai? Tana ganin hazo-hazo? To don Allah kar ku jira ranar awo. Kumburin fuska da ciwon kai ga mai ciki na iya zama hawan jini, shi ke kaiwa ga jijjiga, kuma yana tafiya da uwa da ɗa. A auna jininta, a gwada fitsarinta, yau ɗin nan. Wa ke da mota a cikinku? Alhaji, Allah Ya saka da alheri. Baba, ku tashi ku bi shi, sauran bayanin zan same ku da shi.