Kotun Hague da yaƙin cikin gida: abin da Darfur ta nuna

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamai, ɗalibai, na gode da wannan gayyata. Na tsaye a bakin ƙofa ku ƙaraso, kujerun gaba ba sa cizo. (Dariya.)

Abubuwa uku zan taɓa: asalin dokar, yadda ta kaya a Darfur, da abin da ya rage.

Na farko, a gurguje. A da, idan gwamnati na yaƙar 'yan tawaye a cikin iyakarta, sai a ce harkar gida ce, babu ruwan kowa. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 suka zo da sashe na 3, wanda ya ce ko a yaƙin basasa ba a kashe wanda ya ajiye makami, ba a azabtarwa, ba a garkuwa da mutane. Doka ta samu, kotu babu. Sai a 1995 kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, a shari'ar wani mai suna Tadic, ta ce mai aikata irin wannan a yaƙin cikin gida zai iya gurfana shi kansa. Yarjejeniyar Rum ta 1998 ta ɗora a kai, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wadda ke birnin Hague, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2002.

To, Darfur. A nan zan daɗe, ku yi mini haƙuri. Daga 2003 gwamnatin Sudan da mayaƙan sa-kai na Janjawid da take mara wa baya suka afka wa ƙauyukan Fur da Masalit da Zaghawa da sunan murƙushe tawaye. An ƙona gidaje, an kashe maza, an yi wa mata fyaɗe. Musulmi ne fa, masu kisan da waɗanda ake kashewa. Kuma wannan ƙasa ce da kakanninmu suka ratsa da ƙafa a hanyar Makka, wasu suka zauna har yau. Sudan ba ta cikin kotun, don haka Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya miƙa batun a Maris ɗin 2005, da ƙuduri mai lamba 1593. A 2009 aka ba da sammacin kama Shugaba Umar al-Bashir, a 2010 aka ƙara da tuhumar kisan ƙare-dangi.

Sai me? Ku saurara da kyau, masu rubutu ku rubuta. Kotun nan ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Ko ɗaya! Kamar alƙali ne a zaure da ya rubuta sammaci, ya waiwaya babu dogarin da zai kai. Ƙasashen da suka sa hannu su ne za su kama. Al-Bashir ya je Chadi a 2010, ya dawo lafiya. Ya je Kenya a shekarar, ya dawo. A Yulin 2013 ya zo nan Abuja taron Tarayyar Afirka, masu fafutuka suka garzaya kotu, ya tafi taron bai ƙare ba. A 2015 wata kotun Afirka ta Kudu ta ba da umarnin kada ya fita daga ƙasar, jirginsa ya tashi a gaban idon hukuma. Duk waɗannan ƙasashe mambobi ne. Malawi ce a 2012, zamanin Joyce Banda, ta gwammace ta rasa baƙuncin taron Tarayyar Afirka da ta karɓe shi. Ƙaramar ƙasa, matalauciya, amma ta tsaya.

Na san abin da ke ran wasunku, ina ganin wani yana gyaɗa kai can baya. Za ku ce Amurka da Rasha da Sin ba sa cikin kotun, amma suna zaune a Kwamitin Sulhu suna zaɓen wanda za a tura mata. Gaskiya ne, kuma zalunci ne. Ni ma yana ci mini rai. Amma matar da aka ƙona wa gida a garin Mukjar na Darfur, wannan hujjar me ta ba ta? Don ba a kama wancan ba sai a bar wanda ya kashe mata miji?

Kuma an kama ɗaya. Ali Kushayb, jagoran Janjawid, ya miƙa kansa a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2020. A Oktoban 2025 aka same shi da laifuka 27, daga baya aka yanke masa shekara 20. Mutanen Darfur sun tsaya sun ba da shaida, yana zaune yana ji. Sama da shekara 20 bayan ta'asar, na sani. A tsakanin nan Janjawid ɗin suka rikiɗa suka zama rundunar RSF, wato Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa, kun kuma ga kashe-kashen da aka yi a garin El Geneina na Darfur a 2023.

Abu na uku kuma... na'am, Malama, ga hannu.

Tambaya: Malam, mu nan gida fa? Boko Haram da sojoji, kotun ta manta da mu ne?

Madalla, 'yata, gara da kika tambaya. Najeriya mamba ce tun 2001. An fara binciken share fage a 2010, kuma a Disamban 2020 mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram ta aikata laifukan yaƙi, wasu jami'an tsaro ma haka. Duka ɓangarorin biyu ta ambata. Sai dai ƙa'idar kotun ita ce ba ta shiga sai ƙasa ta kasa, ko ta ƙi, hukunta masu laifin da gaske. Gwamnati na nuna shari'o'in waɗanda ake zargi da Boko Haram da aka fara a Kainji a 2017. Amma yawancin waɗanda aka gurfanar ƙananan mutane ne, bisa tuhumar shiga ƙungiya ko taimaka mata. Wanda ya ba da umarnin ƙona ƙauye fa? Wadda aka tsare ɗanta a bariki bai dawo ba, wa zai amsa mata? Waɗannan shari'o'in kotunanmu ne ya kamata su fara yin su, kuma ku ɗaliban lauya da ke zaune a nan ku za ku shigar da su. Ranka ya daɗe, na ga takardar lokaci. A ba ni tambaya ɗaya kuma.