Amsoshin Tambayoyinku: Turbar da Ruwa Ke Cinyewa Duk Damina

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse a jihar Filato. Ya ce turbar da suke bi zuwa gonakinsu na kan tudu duk damina sai ta koma kwazazzabo, har jaki ba ya iya hawa. Sau uku suna cike ta da ƙasa, ruwa na kwashewa. Shin akwai ilimin gina irin wannan hanya, ko sai haƙuri?

To Malam, akwai, kuma koyonsa ake yi. A Amurka akwai turbar Appalachian, hanyar ƙafa da ke bin tsaunuka, mai tsawon kilomita kusan 3,500, wadda ta ratsa jihohi 14. Tun 1937 aka kammala ta, kuma har gobe masu aikin sa-kai ne ke yawancin gyaranta, kowace ƙungiya da yankinta. Sabon shiga da diga a hannu yake koyo, yana bin bayan na gaba da shi.

Abin da ake fara koya masa shi ne halin ruwa. Daga bayaninka, ina kyautata zaton turbarku ta miƙe ne samɓal daga gindin dutse zuwa sama. Ai kuwa nan ne hanyar ruwa, ko tifa goma ta ƙasa kuka zuba sai ya tafi da ita. Ku sauya mata layi, ta riƙa hawa a kaikaice tana gitta gangaren. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: hawan turba kada ya wuce rabin hawan tudun. Idan tudun na tashi mita 2 a kowace mita 10, turba kada ta haura mita 1. Tafiya za ta ƙara tsawo, na san matasa za su yi ƙorafi, amma tsoho da mai kaya a ka za su gode muku.

Sannan a ɗan karkata doron turbar zuwa wajen kwari, kamar santimita 5 a faɗin mita guda, don ruwa ya tsallake ta ya wuce. Jefi-jefi kuma a bar ta ta ɗan gangara kafin ta sake hawa, ruwan da ya biyo ta ya samu mafita. Tsohuwar turbar kuwa a jera mata duwatsu a gicciye, irin yadda manoman yankin Tawa a Nijar ke tare zaizayar ƙasa, in ba haka ba mutane za su koma mata.

Wata malama daga Damagaram kuma ta tambayi lokacin da ya fi dacewa da gyara. Malama, a yi gayya kafin ruwan farko a yashe mafitun ruwa. Tono kuwa a bari sai ƙasa ta sha ruwa, ta fi dannuwa. Idan marka ta kankama, a samu mutum biyu su bi turbar bayan an ɗauke ruwa, su sa alama duk inda ya kwanta ko ya fara tsaga.