Daren da Jammeh ya hau jirgi: wa ya shawo kansa?

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Gambiya muka nufa, ina tare da Malam Sani da Bashir. Malam, kai ka dage sai an yi hirar nan, to bismillah.

Malam Sani: Na dage kam Zainabu, don na ga an fara mantawa. Ƙasa ce 'yar siririya da ta bi gaɓar kogi, Senigal ta kewaye ta ko'ina in ban da bakin teku, mutanenta a lokacin wajen miliyan 2. Yahya Jammeh ya kifar da Dawda Jawara a 1994, ya zauna shekara 22, sai ranar 1 ga Disamba 2016 Adama Barrow ya kayar da shi a zaɓe.

Bashir: Kuma fa da farko ya amince Malam, a talabijin aka nuna shi ya kira Barrow a waya yana masa murna, wallahi ranar har hawaye na yi.

Malam Sani: Ya amince. Ranar 9 ga wata ya ce ya fasa. Hujjarsa wai hukumar zaɓe ta gyara alƙaluma, amma ni abin da nake kallo daban ne, a tsakanin kwanakin nan wata jigo a 'yan adawa ta fito ta ce za a gurfanar da shi gaban kotu, to mutumin da ya san abin da ya shuka ka ce masa gobe kurkuku, ta ina zai sauka? Tsoro ne ya maida shi kan kujerar.

Zainab: Sai ECOWAS ta shigo, ko CEDEAO kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar ke cewa.

Malam Sani: Ranar 13 ga Disamba shugabanni huɗu suka sauka Banjul, Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, Buhari, John Mahama na Gana da Ernest Bai Koroma na Saliyo. Kin ga Mahama shi ma a watan ya faɗi zaɓe kuma ya amince, zuwansa kaɗai wa'azi ne. Jammeh ya ƙi. Aka naɗa Buhari babban mai shiga tsakani, suka koma ranar 13 ga Janairu 2017, ya ƙara ƙi, har majalisar wakilan Najeriya ta ce a ba shi mafaka, bai ko waiwaya ba. A wannan zuwan ne suka fito da Barrow daga ƙasar.

Bashir: To ai ka ga maganata kenan Malam, da girmanka, lallashi bai yi komai ba, bindiga ce ta yi aiki. Ranar 19 ga Janairu aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, a ranar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya mara wa ECOWAS baya, sojan Senigal suka tsallaka iyaka, Najeriya ta riga ta tura jirgin ruwan yaƙi da jiragen sama, shi kansa babban hafsan sojan Gambiya Ousman Badjie ya ce ba zai sa yaransa su yi faɗa ba, ministoci kuma sai ajiye aiki suke ɗaya bayan ɗaya. Me ya rage masa?

Malam Sani: Ban musa ba Bashir, ba don soja na bakin ƙofa ba da bai saurari kowa ba. Amma tambaye ni wa ya saurara. Aka dakatar da sojan, ranar 20 Alpha Condé na Gini da Mohamed Ould Abdel Aziz na Muritaniya suka shiga wurinsa, suka wuni. Su biyun nan ba sa cikin masu ɗokin a kai yaƙi, Muritaniya ma ba ta cikin ECOWAS, ta fita tun 2000, shi ya sa yake ganinsu nasa ne ba masu zuwa ƙwace masa kujera ba. Suka ba shi abin da yake nema tun farko, takardar haɗin gwiwa ta ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a kare mutuncinsa da iyalinsa da dukiyarsa. Daren 21 ga wata ya hau jirgi tare da Condé, daga nan ya zarce Ikwatoriyal Gini. Ko a gida in za a raba rigima ai ba wanda mai taurin kai ke jin haushi ake turawa ba, amininsa ake nema.

Bashir: Wannan kam haka ne, ko a Nijar a 2023 da aka yi ta barazanar yaƙi, malamai irin su Sheikh Bala Lau ne suka samu ganin Janar Tchiani da ya yi juyin mulki, tun ana hana wasu. Sai dai Nijar ba Gambiya ba ce, ba a iya kewaye ta haka.

Zainab: Ni ku tsaya, akwai abin da ke ci mini rai. An ce ba a zubar da jini ba, alhamdulillah, mutum wajen 45,000 da suka gudu Senigal sun koma gida. To waɗanda aka kashe musu 'yan uwa fa? A 2005 an kashe baƙin haure fiye da 50 'yan Afirka ta Yamma a ƙasar, 44 'yan Gana, akwai 'yan Najeriya ma, kuma 'yan Junglers, wato rundunar kisa ta Jammeh, da kansu suka zauna gaban hukumar gaskiya da sasantawa ta Gambiya suka ce su suka yi, da umarnin Jammeh. Ba wanda ya tambayi iyayen yaran nan kafin a rubuta waccan takardar Malam.

Malam Sani: Gaskiyarki Zainabu, kuma ba zan ce miki bashin ya biyu ba. A daren dai abin da ke gabansu kar a yi ɓarin wuta a tsakiyar Banjul.

Zainab: Hukumar ta miƙa rahoto a 2021 ta ce a gurfanar da shi, a Disamba 2024 ECOWAS ta amince a kafa kotu ta musamman. Ni ita nake jira, in ga ko iyayen nan za su ga zamanta da ransu.