Inda Ake Kama Ɓarawon Shanu

Jama'a, assalamu alaikum. Malamai da iyayenmu da ke zaune a gaba, Allah Ya ƙara girma.

Zan fara da Kenya. 'Yan sandan ƙasar suna da runduna ta musamman da babban aikinta shi ne bin ɓarayin dabbobi. A watan Nuwamban 2012, jami'ai suka bi sawun shanun da aka kora daga yankin Baragoi har cikin kwarin Suguta. Ɓarayin suka yi musu kwanton ɓauna, suka kashe sama da 40. Allah Ya jiƙan bayinSa. Kun ga, wanda ya tashi a dajin ya fi ka sanin kowane dutse da kowace mashaya, ko da bindigarka ta fi tasa.

To amma saniyar sata daji take ƙarewa? A'a. Wani ne zai loda ta a mota, dillali ya yi ciniki, mahauci ya yanka. A nan ne Afirka ta Kudu ta ɗana tarkonta. Dokarsu ta satar dabbobi ta 1959 ta ce duk wanda aka samu da dabbar da ake zargin ta sata ce, ya kuma kasa bayanin yadda ta zo hannunsa, ya yi laifi. Mai sayarwa sai ya ba mai saye takardar shaida. A 2002 suka ƙara da wata doka da ta wajabta wa mai dabbobi ya yi rajistar lambarsa, ya buga ta a jikinsu. Sata ba ta ƙare ba a can, amma idan aka tsayar da mota, ɗan sanda yana da abin dubawa, alƙali kuma yana da hujja a gabansa.

Mu kuwa, a 2021 Zamfara da Katsina suka rufe kasuwannin dabbobi, suka hana safarar shanu a manyan motoci. Na fahimci dalilin, amma wallahi abin ya taɓa ni, domin talakan da yake son sayar da akuyarsa ya kai matarsa asibiti shi ma ƙofar ta rufe masa. Ga Sarkin Pawa nan, ga shugabannin dillalai, ga Ardo, sun san shaidar garke da ido. Da an ba kowace kara littafi, a rubuta mai dabba da garinsa da wanda ya tsaya masa, ɗan sanda ya riƙa dubawa ran kasuwa kafin a loda.

Akwai mai tambaya a baya can, a miƙa masa lasifika.