Malamin da ya kwance mana harshe a gindin dalbejiya

Laccar da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a birnin Garwa na ƙasar Kamaru, ranar da aka taru don karrama malaminsu da ya yi ritaya. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa a wurin.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, malamai, da 'yan'uwana da muka sha rana tare a filin lakwal, wato makarantar boko, sannunku da zuwa. Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Na san ba ka son a yi maganarka a gabanka, amma yau sai ka yi haƙuri, yabon gwani ya zama dole.

Duk wanda ya yi lakwal a garin nan ya san halin da ɗan Bahaushe yake shiga a ajin farko. A gida Hausa, a kasuwa Fillanci, a makarantar allo Larabci, sai a shiga aji a ce Faransanci zalla. Yaron da bakinsa ba ya hutawa a ƙofar gida sai ka gan shi ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi. Ni nawa ya fi na kowa, domin ina da i'ina. Na shekara uku ban ɗaga hannu a aji ba, ko da na san amsa.

Ranar Laraba da rana tsaka ake tashi. Kowa ya kama gabansa, shi kuwa Malam sai ya nufi gindin dalbejiyar bayan aji da kalangu ɗaya da gwangwanayen madara, yara su kewaye shi. Wata Laraba ina share allo ina 'yar waƙata, ban san yana bakin taga ba. Ya ce, "Zo nan, ɗana. Ka lura in kana waƙa harshenka ba ya sarƙewa?" Wallahi ban taɓa lura ba. Ya ba ni matsayin mai shela a wasan kwaikwayon da suke shiryawa, ya ce duk maganata in rera ta. Mako bayan mako yana rage waƙar kaɗan-kaɗan, yana buga mini kalangu a hankali don in bi. Ranar da na faɗi shelar tun daga farko har ƙarshe ba waƙa ba kiɗa, bai ce komai ba, kaina kawai ya dafa. Aikin da nake ci da shi yau na magana ne, kuma daga nan ya faro.

Ku tuna wane lokaci ne wannan. A 1993 sau biyu aka zabtare albashin ma'aikatan gwamnati, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Malamai da yawa suka koma noman auduga ko haya da babur bayan an tashi, kuma ba mai ganin laifinsu, iyali ne a gabansu. Malam bai fasa Laraba ko ɗaya ba. Rigunan wasanmu buhunan taki ne da matarsa ta wanke ta ɗinka, Allah ya saka mata. Gemun tsoho kuwa audugar da ke zubowa daga motocin kamfanin auduga na Sodecoton muke tsinta a bakin hanya. Da fatar kalangun ta fashe ana saura mako biyu bikin matasa na 11 ga Fabrairu, rediyonsa ya kai kasuwa. Sai da muka girma muka ji wannan, kuma ba daga bakinsa ba.

Wahalar da ta fi ta kuɗi ita ce ta iyaye. Wasu suka ce za a mayar musu da 'ya'ya maroƙa, musamman masu 'ya'ya mata. Malam bai yi gardama da kowa ba. Zaure-zaure ya bi, ya cire takalmi ya zauna ƙasa, ya ce, "Alhaji, kai ba ka yi tashe ba kana yaro?" Ya yi alkawari ba yarinyar da magariba za ta riska a waje, kuma da ƙafarsa yake raka su har ƙofar gida. Mahaifina na cikin waɗanda suka ƙi da farko. Shi ne daga baya ya tsaya a bayan taro yana share ido da hannun riga.

Ƙannenmu da suka zo bayanmu sun fi mu sa'a, don su sun ga amfanin abin a fili. Lokacin da cutar amai da gudawa ta addabi arewacin ƙasar nan a 2010, Malam ya fitar da su bakin kasuwa da buta da sabulu. Wasa ɗaya suka yi da Hausa, suka juya shi da Fillanci, suka ƙare da Faransanci, mata na ajiye tallarsu suna kallo.

Malam, kalangun nan da ke kan tebur naka ne, mun karɓo shi a ɓoye mun sa an sake masa fata. Yaran da ke bakin ƙofa kuma 'ya'yanmu ne, wata guda suna shiri. Ku shigo, ku gaida kakanku tukuna, sannan mai shela ya fara.