Wa ke riƙe da littafin kuɗin makarantarmu?

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa iyayen yara a Garwa, ƙasar Kamaru.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, malamai, sannunku da fitowa cikin wannan rana.

Kafin in ce komai, wanda ya san shugaban majalisar makarantar da ɗansa ke zuwa ya ɗaga hannu. A'a Alhaji, sauke, wannan da ka ambata shugaban APEE ne. Nan rikicin yake. APEE ƙungiyar iyaye da malamai ce, ita ke karɓar kuɗinmu. Majalisar makaranta kuwa doka ce ta kafa ta.

A watan Fabrairun 2000 shugaba Paul Biya ya ce firamaren gwamnati ta zama kyauta. Ranar 19 ga Fabrairun 2001 aka sa hannu a dokar da ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu majalisa, conseil d'école a firamare, conseil d'établissement a sakandare. Darekta, wato hedimasta, yana ciki, da wakilan malamai, da na iyaye, da na ofishin magajin gari, har da na ɗalibai. Majalisar ce ke amincewa da kasafin kuɗi da tsarin aikin shekara da dokokin cikin gida. Aikin darekta shi ne ya aiwatar.

To, kyautar nan fa? Kun fi ni sani. A nan yankunan Arewa da Adamawa da Arewa Mai Nisa malaman gwamnati ba su isa ba, shi ya sa muke da malaman da iyaye ke biya daga aljihunsu. Kayan aikin da ake kira paquet minimum, alli da rajista da sauransu, tun 2010 aka miƙa shi ga magadan gari, kuma sau da yawa sai an yi nisa da karatu yake isowa. Kafin ya iso, kuɗinku ne ke sayen alli. Mai tuwo da miya kuwa ai ba a hana shi leƙa tukunya.

Na taɓa zama a wani irin taron nan. Mai ajiyar kuɗi ya miƙe ya karanta lissafi da Faransanci, cikin sauri, kansa a sunkuye. Mata suna can baya a kan tabarma, da goyo. Aka ce wa ke da magana, shiru. Aka zagaya da takarda kowa ya dangwala. Da muka fito wata baiwar Allah ta tare ni tana tambayar ko an yi batun rufin ajin da iska ta yaye. An yi, har an ware masa kuɗi, amma ba ta ji ba.

Ni ban ce darektoci ɓarayi ne ba. Da yawansu suna wahala, wani ma da kuɗinsa yake cike giɓi. Amma lissafin da ba a ji ba shi ke haifar da zargi, ko da mutum yana da gaskiya.

Saboda haka a taron farkon shekara ku nemi a karanta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita da Fulatanci da Hausa, a rubuta a allo, a bar shi kowa ya gani. Wakilinku kuma ku zaɓe shi da kanku, kada a ce jauro, wato mai gari, ya riga ya nuna mutum. Girman jauro yana nan, amma kujerar ta iyaye ce. Ku sa mace a ciki, don ita ta san dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa aji.

Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu. A miƙa mata lasifika.