Mai sayen dashe da mai fangalin iri: lacca kan ƙwallon ƙafa a Tahoua

Wannan lacca ce da wani tsohon malamin motsa jiki, wanda ya daɗe yana horar da yaran unguwa, ya gabatar wa matasa a Tahoua da yammacin wata Asabar. Daga faifan murya aka rubuto ta, an rage gaishe-gaishe da wuraren da hayaniya ta rufe magana.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune a gaba, ina gaisuwa. Samari, sannunku da zuwa, na baya ku matso, akwai wuri a kan tabarma.

Shekaranjiya da dare na biyo ta wata fada, na tarar da samari biyu suna musu har jijiyar wuya ta tashi. A kan Manchester United ne. Ɗaya yana cewa a kori ƴan wasan nan kaf, a zuba kuɗi a sayo sababbi. Ɗayan yana cewa sayen ne ya kashe ƙungiyar, a bar yaran gida su buga. Suka ba ni shayi na biyu, suka ce Malam raba mu. Na ce ku zo ranar Asabar. Ga su can kuwa sun zo, na gode muku.

Zan fara da mai cewa a saya. Ɗana, ai an saya. Ferguson, mai horar da su, ya ajiye aiki a 2013, kuma tun daga wannan shekara ba su sake ɗaukar kofin Firimiya ba, amma babu kakar da ba su shiga kasuwa ba. Maguire, fam miliyan 80 daga Leicester a 2019. In ka juya shi zuwa kuɗinmu ya kusa miliyar 60 na sefa, a kan mai tsaron baya guda. Sancho, miliyan 73 a 2021. Antony, sama da miliyan 80 daga Ajax a 2022. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Pogba. Yaro ne da ya zo makarantarsu yana ɗan shekara 16, suka bar shi ya tafi Juventus a 2012 ba tare da an saye shi ba, suka koma suka sayo shi fam miliyan 89 a 2016, sannan a 2022 ya sake tafiya kyauta. Ka yi kiwon ɗan rago, ka bar ƙofa a buɗe ya fita, ka je kasuwa ka saye shi da kuɗin bijimi, ka sake barin ƙofar a buɗe. Kakar 2024 zuwa 2025 ta ƙare suna na 15 a tebur, kuma Tottenham ta ci su ɗaya da nema a wasan ƙarshe na gasar Europa ta ƙungiyoyin Turai.

Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne, kowannensu ya yi abin a zo a gani kafin a saye shi. Ku dubi masu horaswa: Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjær, Ten Hag, Amorim, ban da na riƙon ƙwarya. Wannan yana son a riƙe ƙwallo ana ta juya ta, wancan yana son a tsare gida a kai farmaki kwatsam, na bayansu yana son masu tsaron baya uku. Kowa ya zo sai a sayo masa hatsin tuwon da yake so, kafin tukunya ta tafasa an sallame shi, na gaba ya tarar da rumbu cike da abin da ba zai dafa ba. Ɗan wasa yana da kwantiragin shekara biyar da albashin da babu wata ƙungiya da za ta iya biya, shi kuwa wanda ya nemo shi bai cika shekara uku ba. A nan ɓarnar take.

Yanzu kai mai cewa a bar yara. Na san abin da ke ranka: Giggs, Scholes, Beckham, Butt da ƴan gidan Neville su biyu, yaran da ƙungiyar ta rena da kanta. Gaskiya ne, a 1995 Ferguson ya sayar da Ince da Hughes da Kanchelskis, ya ba yaran nan fili, suka ɗauki Firimiya da kofin FA a kakar. Amma su wa ke tare da su a filin? Schmeichel a raga, an sayo shi daga Brøndby kusan rabin miliyan. Cantona daga Leeds, miliyan ɗaya da ƴan kai. Keane daga Nottingham Forest. Ga Bruce, ga Pallister, ga Irwin, dukansu saye ne. Yaran sun girma a inuwar manya, in yaro ya yi kuskure akwai mai tare masa baya, akwai kuma mai daka masa tsawa. Wani abu kuma da ake mantawa: Ferguson ya zo a 1986, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba sai 1990, kofin lig kuwa sai 1993. An yi haƙuri da shi shekara bakwai. Wa zai ba mai horaswa shekara bakwai yau? Mu da ke kallo a gidan kallo ma, wasa uku in an sha kashi mun fara cewa a kore shi.

Akwai wani lissafi da nake so ku gane, don shi ke sa ana sayar da ɗan gida ko da yana da amfani. A lokacin da aka yi waɗannan saye-saye, dokar Firimiya ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. In ka sayi ɗan wasa miliyan 80 a kan kwantiragin shekara biyar, a littafin kuɗi ana rubuta miliyan 16 ne kowace shekara. Amma in ka sayar da yaron da ka rena, tunda ba ka saye shi ba, duk abin da aka ba ka riba ce zalla, kuma a ranar ake rubuta ta. Saboda haka in saye ya ɓaci, rami ya buɗe, ɗan gida ake kamawa a cike ramin. McTominay ya shiga gidan nan yana ɗan shekara biyar. A 2024 aka sayar da shi ga Napoli wajen miliyan 25, a kakarsa ta farko ya ɗauki kofin lig na Italiya, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Mainoo da Garnacho su suka ci ƙwallaye biyun da aka doke Manchester City da su a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024. Bayan shekara guda an sayar da Garnacho ga Chelsea. Kun ga ke nan musun naku igiya ɗaya ce: mummunan saye shi ke cinye yaran.

Mu mutanen Ader mun san wannan a garka. Wanda ya je Galmi lokacin albasa ya gani. Manomin kirki yana da fangalin irinsa, ya yafa, ya yi ta ban ruwa kwana arba'in ko fiye kafin dashe. In wani gefe ya ƙone, ya kan sayi ɗan dashe ya cike, babu laifi. Amma wanda kowace shekara dashe yake saye gaba ɗaya, bai san irin da aka ba shi ba sai albasa ta yi kai, kuma rabin ribarsa tana hannun mai iri tun kafin ya kai buhu tasha.

To mu dawo gida, don ba don Ingila kaɗai na tara ku ba. Miliyoyinsu ba su shafi tukunyar kowa a nan ba. Abin da ke damuna shi ne ƙungiyoyinmu na jihohi suna yin irin wannan da ƴan jikkunan da suke da su. Kaka ta gabato, sai a tara kuɗi wajen ƴan kasuwa da masu hannu da shuni, a ɗauko ƴan wasa daga nesa, a kama musu ɗaki, a biya wata biyu, wata na uku babu, su kwashe jakunkunansu ana tsakiyar gasa. Baɗi a sake. Kuma ba za mu iya gasar saye da ƙungiyoyin Yamai ba. AS FAN ta soja ce, ga ta Douane, ga ta ƴan sanda, ga ta jandarma, ga Nigelec. Suna da albashi, wasu har da fatan samun aiki bayan an rataye takalmi. Me za ka ba ɗan wasa da ya fi wannan? Abin da muke da shi wanda ba a saye, yara ne, ga su nan cike da kowane fili bayan la'asar, ƙafa ba takalmi.

Kuma yaranmu sun nuna suna iyawa. A 2010 Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta doke Masar ɗaya da nema a filin Seyni Kountché, Masar da ke riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. Moussa Maâzou ya ci, yaron da ya tashi daga AS FAN ya je Lokeren ta Beljiyam, daga can CSKA Moscow. Harouna Doula ya kai mu gasar Afirka ta 2012, muka koma a 2013. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 sun je kofin duniya a Indiya, suka ci Koriya ta Arewa, suka kai zagaye na biyu kafin Gana ta fitar da su. A 2023 ƴan wasan cikin gida zalla sun kai daf da na ƙarshe a CHAN, gasar Afirka ta masu buga wa ƙungiyoyin gida, a Aljeriya. Iri yana da kyau. Fangalin ne babu.

Da yawa cikinku kuna da baba ko wa a Abijan, wasunku can aka haife ku. Ku tambaye su labarin ASEC, ƙungiyar ƙwallon Abijan. A 1994 suka buɗe makarantar ƙwallo tare da wani Bafaranshe, Jean-Marc Guillou, yara suna karatu suna atisaye wuri ɗaya. A 1998 ƙungiyar ta ɗauki kofin zakarun Afirka, manya suka watse zuwa waje. A watan Fabrairun 1999 aka fito da yaran makarantar, ƴan 17 da 18, a gaban Espérance ta Tunisiya a wasan Super Cup, suka ci uku da ɗaya. Cikinsu akwai Kolo Touré da Zokora da Aruna Dindane. Shekara biyar ana ban ruwa babu wanda ya ga albasa. A Senegal ma Génération Foot ta ƙulla da Metz ta Faransa, ta nan Sadio Mané ya bi.

Ban ce gobe mu gina irin wannan a Tahoua ba. Akwai abin da ya fi shi sauƙi, kuma rashinsa ya taɓa ƙona ni. Na riƙe wani yaro tun yana ɗan 11 har ya kai 16, bahago ne, in ya karɓi ƙwallo sai ka ji fili ya yi tsit. Ni ke saya masa takalmi, ni ke zuwa roƙon mahaifinsa ya bar shi lokacin aikin gona. Wata ƙungiya ta ɗauke shi, daga can wani mutum ya fita da shi waje. Da na nemi haƙƙin ƴar ƙungiyarmu, aka ce ina takarda? Babu. Ban taɓa yanka masa lasisi ba, takardar haihuwa ma daga baya aka yi masa, an rage shekaru. A idon doka, shekara biyar ɗin nan ba a yi su ba. Abin da ya fi ciwo, ƙannensa ashirin da ke filin ba su samu ko ƙwallo guda ta dalilinsa ba.

Ku saurari dokar FIFA, don ta ku ce. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Daga 12 zuwa 15 kowace shekara rubu'in kashi ɗaya ce, daga 16 zuwa sama rabin kashi. Wato in ka riƙe yaro shekara huɗun farko, kana da kashi ɗaya cikin ɗari. Aka sayar da shi miliyar ɗaya na sefa, miliyan 10 naka ne, kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa sai an sake cirewa. Sharaɗin guda ne: ƙungiyarka tana da rajista a FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, sunan yaron yana rubuce a ƙarƙashinta shekara bi shekara. Dokar kuma ta hana fita da yaro zuwa ƙungiyar waje kafin ya cika 18, sai a wasu ƴan halaye. Duk wanda ya zo ya ce wa uba ya sayar da gona ko shanu zai kai ɗan shekara 15 Turai, iyayena ku tambaye shi wannan doka a gaban mutane.

Maganar rage shekaru kuma, ku daina, don Allah. Yanzu ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu kafin gasar ƴan ƙasa da 17, ana gane wanda ya wuce. Ko ba a gane ba, ka sa ɗan 21 cikin ƴan 16, ya ci kofi da ƙarfin ƙirji, ka hana yaron gaskiya wuri, bayan shekara uku shi ya tsaya cik, wancan kuma ya bar ƙwallo ya tafi bida.

A nan garin aka fara gasar takobin kokowa a 1975. Ɗan kokowar da ke ɗaga jiha, a dandalin ƙauye ya fara bayan girbi, tsofaffi suna kallo, sun san ubansa, sun san wa ya kayar bara, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha. Shi ya sa in ya shiga fili gari duka ke tashi. Wannan tsani muke nema wa ƙwallo: gasar unguwanni ta ƴan 13 da ta ƴan 15 wadda ba ta mutuwa in damina ta faɗi ko in mai ba da kofi ya gaji.

(Wani saurayi ya yi tambaya daga baya: wa zai biya kuɗin takardun?)

Madalla da tambaya. Yaron da aka haifa a asibiti galibi takardarsa tana nan, a nema a mairie. Wanda ba shi da ita, kotu na ba da wadda ke maye gurbinta, sai uba ya je da shaidu. Kuɗin bai kai na riguna saiti ɗaya da kuke sayowa kowace gasar hutu ba. Duk mai ƙungiyar unguwa a cikinku, ya rubuto sunayen yaransa, da sunan uba, da shekarar haihuwa ta gaskiya, da ajin da yaro yake a makaranta. Asabar mai zuwa bayan la'asar ina nan wurin, za mu zauna mu ware masu takarda da marasa ita, mu fara da ƴan 12. Ku biyun nan na fada, ku za ku riƙe littafin.

An kira salla. Mu tashi.